Soyayya da Barkwanci a Majigin Abijan

Fim ɗin soyayya mai barkwanci shi ne wanda ake ɗora labarinsa a kan neman aure ko zaman aure, a bi da shi cikin raha, a kuma sallami 'yan kallo suna murmushi. A ƙasashen da sana'ar fim ta daɗe da kafuwa, da yawa daga cikin irin waɗannan finafinai daga littafi ake ɗauko su. Sanannen misali shi ne Breakfast at Tiffany's na 1961, wanda aka gina a kan gajeren littafin Truman Capote na 1958. A littafin, yarinyar ta bar gari ba ta dawo ba, amma masu fim suka haɗa ta da saurayin a ƙarshe, don sun san wanda ya biya kuɗin tikiti ba ya son komawa gida da ɓacin rai. A Abijan, cibiyar kasuwancin Kwaddebuwa, abin ya bi wata hanya dabam. Daga bakin mutanen unguwa raha da soyayya suka fara hawa majigi, sai da aka yi shekaru wajen arba'in kafin littafin soyayya ya zo ya ba su labari. Tarihin ya ratsa ta Treichville da Adjamé, unguwannin da baƙi daga arewa suka fi sauka, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawa.

Garin da ya tara 'yan kallo

Hausawa sun san wannan yanki tun kafin a yi birnin Abijan. Fataken goro da ke zuwa Gwanja da Salaga sukan wuce har Bonduku, wadda yanzu take arewa maso gabashin Kwaddebuwa. Zuwan Faransawa ne ya karkato da hanyar zuwa bakin teku. A 1904 suka fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan da niyyar kai shi Nijar. Ya isa Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954, amma bai taɓa kaiwa Nijar ba. A 1934 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Bingerville aka dawo da ita Abijan. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka samu hanyar shigowa cikin tafkin da ya kewaye garin, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. Daga nan mutane suka yi ta kwararowa. Garin da ke da mutum kimanin 125,000 a 1955 ya kusa cika miliyan ɗaya a 1975.

Tsarin garin ya raba mazauna gida biyu. Turawa da ofisoshinsu suna Plateau, a tsakiya. 'Yan ƙasa da baƙi suna Adjamé daga arewa, ko Treichville daga kudu, a tsallaken ruwa, unguwar da aka raɗa wa sunan Bafaranshen nan Marcel Treich-Laplène. A waɗannan unguwanni biyu 'yan ci-rani daga Nijar, Nijeriya, Mali da Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, suka yi zango. Wasu suna dako a tashar jiragen ruwa, wasu gadi, wasu tallan yadi da koli, wasu fawa da tsire. Unguwar Bracodi da ke cikin Adjamé tana cikin wuraren da Hausawa suka yi kaka-gida. Tasirinsu ya kai har cikin kwanon abinci: garba, wato tsakin rogo da ake kira attiéké haɗe da soyayyen kifi da barkono, abin da aka fi faɗa shi ne ya samo sunansa ne daga 'yan Nijar da suka fara sayar da shi.

Saurayin da ya wuni yana ɗaukar buhu, da dare silima yake nufa. Treichville tana da gidajen silima irin su Plaza, Rio da Entente, Adjamé tana da Roxy, Lux da Liberté. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne suka kankane shigo da finafinai a duk ƙasashen rainon Faransa, kuma abin da suke turowa unguwanni shi ne finafinan kaboyi da na 'yan sanda da ɓarayi, da na Indiya da Masar, daga baya aka ƙara da na 'yan kareti. Kallon ba na shiru ba ne. Ana yi wa jarumi kirari, ana zagin mugu, ana gargaɗin yarinya kada ta buɗe ƙofa. A nan aka samu jama'ar da ta iya kallon fim tun kafin ƙasar ta fara yin nata.

Fim ɗin 'yan ci-rani

Fim na farko da ya nuna soyayyar Treichville da idon mazaunanta, 'yan Nijar ne suka yi wasansa. Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya kafin ya koma binciken al'adu, ya biyo sawun 'yan ci-rani har Abijan. A can ya haɗu da Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indochine, ya dawo ya rasa aiki a gida, ya gangaro Abijan yana dako. A 1957 suka ɗauki fim da ƙaramar kyamara marar ɗaukar sauti, daga baya Ganda ya zauna gaban hoton yana magana yadda ta zo masa. Fim ɗin ya fito a 1958 da sunan Moi, un noir, ya kuma ci lambar Louis-Delluc ta Faransa a shekarar.

Abin da ya fi jan hankali a cikinsa shi ne sunaye. Kowane saurayi ya ari sunan wani tauraron silima ya yafa. Ganda shi ne Edward G. Robinson, abokinsa mai tallan yadi da son 'yan mata shi ne Eddie Constantine, direban tasi shi ne Tarzan, yarinyar da Robinson ke so kuma Dorothy Lamour. Labarin na mako guda ne: neman aikin yini a bakin tasha, barcin rana a gefen titi, ranar Asabar wanka a teku da dambe da gidan rawa, ranar Lahadi masallaci da coci da wasan raye-raye. Robinson yana mafarkin gida da rediyo da Dorothy a matsayin matarsa. Da ya ƙwanƙwasa ƙofarta da asuba, wani Ba'italiye ma'aikacin jirgin ruwa ne ya buɗe, suka kaure da kokawa cikin taɓo, Baturen ya yi masa dukan tsiya. A ƙarshen fim ɗin yana tafiya a bakin ruwa da wani ƙaramin yaro, yana kwatanta masa yaƙin Indochine, yana jifa da gurneti na ƙarya yana faɗuwa ƙasa. Ana dariya, amma dariyar mai aljihu wayam ce.

Ganda ya koma Yamai ya zama mai ba da umarni. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya ƙwace yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari ya yi ta ta uku, shi ne ya ci babbar lambar Étalon de Yennenga karo na farko da aka ba da ita a bikin FESPACO na Wagadugu, a 1972. Ganda ya rasu a ranar 1 ga Janairu 1981. Rouch kuwa haɗarin mota ne ya yi ajalinsa kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai.

Bayan samun mulkin kai

Kwaddebuwa ta samu mulkin kai ranar 7 ga Agusta 1960. Aka kafa kamfanin fim na gwamnati, SIC, a 1962, talabijin ta fara aiki a 1963. Finafinan farko na 'yan ƙasa, irin su La Femme au couteau na Timité Bassori na 1969 da Concerto pour un exil na Désiré Écaré na 1968, ayyuka ne na waɗanda suka yi karatu a Turai, masu nauyin tunani, sun fi samun karɓuwa a bukukuwan fim fiye da silimar unguwa. Ko da aka taɓo soyayya, da fuskar damuwa ake taɓo ta. Djeli na Fadika Kramo-Lanciné, wanda ya ci Étalon de Yennenga a 1981, labarin ɗalibai biyu ne da dangi suka hana su aure saboda ɗayansu ɗan gidan maroƙa ne.

Ɗauko labari daga littafi ma an gwada shi a wannan zamani, kuma nan ma da hannun Nijar a ciki. Pétanqui na Yéo Kozoloa, wanda ya fito a 1983, an gina shi ne a kan Quinze ans, ça suffit!, littafin ɗan jaridar Nijar Amadou Ousmane na 1977, game da wani babban ma'aikaci da ya wawure hatsin agajin fari. Wannan labarin kotu ne da cin amana, babu raha a cikinsa.

Akwai wata doka da ta shirya wa barkwanci fili ba tare da niyya ba. A watan Oktoba 1964 gwamnatin Félix Houphouët-Boigny ta kafa dokar iyali da ta haramta auren mace fiye da ɗaya, ta kuma soke biyan dukiyar aure. A takarda ke nan. A ƙauyuka da unguwannin Musulmi aka ci gaba da ɗaura aure yadda aka saba, a wajen 'yan boko kuma aka samu abin da Faransancin gari ke kira ofis na biyu, wato macen da aka ajiye a wani gida ba da sanin uwargida ba. Tazarar da ke tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ake yi a gida ita ce rijiyar da masu barkwancin Abijan suka yi ta ɗiba. A talabijin, shirin Comment ça va? na Léonard Groguhet ya fara saba wa jama'a da jin ana yi wa halayensu shaguɓe da irin Faransancin da suke yi a kasuwa.

Henri Duparc da rawar ƙura

Wanda ya kai wannan raha babban majigi shi ne Henri Duparc. An haife shi a Forécariah ta ƙasar Gini a 1941, ya koyi aikin fim a Belgrade da Paris, ya zauna a Kwaddebuwa daga 1967. Fim ɗinsa Abusuan na 1972 ya duba yadda dangi ke rufar wa ɗan'uwansu da ya samu aiki a birni. A 1983 ya kafa kamfaninsa, Focale 13, sannan a 1988 ya fitar da Bal Poussière, fim ɗin da har yau ake ɗauka a matsayin uban finafinan soyayya da barkwanci na ƙasar. Sunan yana nufin rawar da ake yi a fili, a kan turɓaya, inda ƙura ke tashi, kwatankwacin kalankuwa a dandalin ƙauye. Duparc da kansa ya rubuta labarin, ba daga littafi ya ɗauko ba.

Jarumin wani hamshaƙin manomin abarba ne da ake wa laƙabi da Demi-Dieu, laƙabin da kunnen Bahaushe ba zai so ji ba, domin mai shi yana nufin in an ɗauke Mahalicci babu wanda ya kai shi a garin. Bamba Bakary ne ya hau wannan matsayi. Matansa biyar, yana neman ta shida, kuma yana da lissafinsa: kowace mace da ranar girkinta daga Litinin zuwa Asabar, Lahadi kuma tukwici ce ga wadda ta fi kyautatawa a makon. Doka ta ce ɗaya, addini ya ce huɗu, shi ya ce shida, kuma dukiyarsa ta rufe bakin kowa. Sai ga Binta, wadda Tchelley Hanny ta fito a matsayinta, 'yar makaranta da aka koro daga gidan kawunta a Abijan saboda rashin jin magana. Iyayenta suka ga arziki ya zo har ƙofar gida, suka matsa mata. Ta yarda, amma da nata sharuɗɗan.

Shigarta gidan ita ce zuciyar fim ɗin. Maimakon amarya ta zauna a lulluɓe tana sunkuyar da kai, sai ta raba kishiyoyin gida biyu: masu sa doguwar riga irin ta Turawa suna bayanta, masu ɗaurin zane suna bayan tsohon tsari. Maigidan da ke taƙama da iya riƙon gida ya wayi gari yana sasanta ƙungiyoyi biyu kamar shugaban ƙasa tsakanin jam'iyyu. Duk wanda ya tashi a gidan da ake rabon kwana ya san mowa da bora, ya san habaici a bakin murhu, ya san yadda kishiyoyi kan haɗa kai in maigida ya yi musu laifi ɗaya. Shi ya sa fim ɗin bai buƙaci tafinta ba a wajen 'yan kallon Adjamé. A ƙarshe Binta ta tattara nata ya nata ta bi saurayin da take so, ta bar mai mata shida da biyar.

Duparc bai yi wa'azi ba. Bai mai da Demi-Dieu azzalumi ba, ya bar shi mutum mai kyauta da fara'a wanda girman kai ya mai da shi abin dariya. Kiɗan fim ɗin na Boncana Maïga ne, ɗan Mali da ya yi karatun kiɗa a Kyuba ya kuma jagoranci makaɗan gidan rediyo da talabijin na Kwaddebuwa. Cikin matan gidan akwai Naky Sy Savané, wadda daga nan tauraronta ya haska. Fim ɗin ya cika gidajen silima a Abijan da sauran biranen yankin, ya kuma ci lamba a bikin finafinan barkwanci na Chamrousse a Faransa a 1989. Duparc ya bi wannan layi har ƙarshen rayuwarsa. Rue Princesse na 1993 labarin ɗan attajiri ne mai son zama makaɗi da ya faɗa son wata mace mai zaman kanta a shahararren titin nan na unguwar Yopougon. Caramel na 2005 kuwa jaruminsa mai gidan silimar unguwa ne da kasuwa ke neman mutuwa a hannunsa. Duparc ya rasu a Paris a watan Afrilu 2006.

Zuwan littafin soyayya

Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, 'yan matan Abijan masu karatun Faransanci littattafan soyayya na kamfanin Harlequin suke karantawa, waɗanda ake shigowa da su daga waje, ana sayar da kwancensu a gefen titi. Jarumansu Turawa ne, ana soyayya cikin ƙanƙara. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, har da littafi. A 1998 kamfanin ɗab'i na Nouvelles Éditions Ivoiriennes ya fito da jerin littattafai mai suna Adoras, ƙarƙashin kulawar Méliane Boguifo, da goyon bayan marubuci Isaïe Biton Koulibaly, wanda aka haifa a 1949 ya kuma yi suna da gajerun labarai kan zaman maza da mata. Kowane littafi sefa 1,500 ne, ƙarami, mai shiga jaka. Sunayen jarumai na gida ne, abincin da suke ci attiéké ne da soyayyar ayaba, wurin shan iskarsu Grand-Bassam ko Assinie. Marubuta da dama sun ɓoye sunayensu na gaskiya, domin 'yan boko na yi wa irin wannan rubutu kallon raini. Ƙa'idar ita ce a sha wuya a tsakiya, a yi aure a ƙarshe.

Daga wannan jeri aka samu Le Pari de l'amour na Didier Aufort a 2002, wanda aka ɗauko daga ɗaya daga cikin littattafan. Isabelle Béké ce ta fito a matsayin wata mai gyaran gashi a Abijan da ke shirin aure, sai kuɗin caca suka faɗo mata, suka jefa alkawarin cikin gwaji. A nan ne littafin soyayya da fim suka haɗu a Abijan. Sai dai haɗuwar ta zo a makare. Juyin mulkin Disamba 1999 da tawayen Satumba 2002 sun hana mutane fitar dare, bidiyo da faifan CD na satar fasaha sun cika kasuwar Adjamé, gidajen silimar unguwa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma coci, wasu kantuna da ɗakunan ajiya. Barkwancin aure ya koma talabijin, inda Ma Famille na Akissi Delta, tare da Michel Gohou da Michel Bohiri, ya mamaye gidaje daga 2002 har a Yamai da Bamako da Dakar.

Aya 'yar Yopougon

Fim ɗin soyayya mai barkwanci da aka ɗauko daga littafi wanda ya fi kai sunan Abijan duniya, na zane ne. Marguerite Abouet, wadda aka haifa a Abijan a 1971 aka kai ta Faransa tana da shekara 12, ita ta rubuta Aya de Yopougon, Clément Oubrerie ya yi zanen. Littafi ne da ake ba da labari da hotuna da maganganu a cikin kumfa. Kamfanin Gallimard ya buga na farko a 2005, ya ci lambar littafin farko a bikin littattafan zane na Angoulême na 2006, aka ci gaba har guda shida zuwa 2010, sannan na bakwai ya biyo baya a 2022. A 2013 marubuciyar da mai zanen suka mai da littattafai biyu na farko fim, Aïssa Maïga ta ba Aya murya, aka kuma sa shi cikin masu takarar lambar fim ta César a 2014.

Labarin ya faru ne a 1978, lokacin da kuɗin koko da kofi ke gudana, gwamnati na gina rukunin gidaje masu sauƙin haya a Yopougon. Aya 'yar shekara 19 ce mai burin zama likita, alhali mahaifinta Ignace, ma'aikacin kamfanin giya na Solibra, ya fi son ya aurar da ita ga ɗan maigidansa. Ƙawayenta biyu, Adjoua da Bintou, hankalinsu na kan gidajen rawa da ake kira maquis da neman miji mai abin hannu. Da dare samari da 'yan mata sukan sulale zuwa teburan kasuwa da aka tashi, wurin da suka raɗa wa suna otal mai taurari dubu, don rufinsa sararin sama ne. Adjoua ta yi ciki. Wanda ya yi shi, Mamadou, kyakkyawa ne amma ba shi da ko sisi, sai ta ɗora wa Moussa, shashashan ɗan attajiri Bonaventure Sissoko. Aka yi auren dole na rufin asiri. Da jariri ya zo, kowa ya duba fuskarsa ya rasa kamar Sissoko, mahaifin Adjoua ya ɗauki kyamara ya nufi ƙauye yana neman dangin da yaron ya ɗebo, har gaskiya ta yi halinta. Bintou ta faɗa hannun wani Grégoire da ke shigar 'yan Paris alhali ɗakin uwarsa yake kwana. Shi kuwa Ignace, mai faɗa a kan tarbiyya, sai ga sakatariyarsa ta Yamoussoukro ta yi sallama da 'ya'ya biyu.

Aikin mayar da littafin fim ya buƙaci a rage wasu rassan labari a kuma ƙara abin da takarda ba ta da shi, wato sauti. Aka sa waƙoƙin da ake ji a Abijan a wancan zamani, aka bar 'yan wasa su yi magana da karin harshen unguwa, aka kuma cusa ainihin tallace-tallacen talabijin na shekarun 1970 a tsakanin zanen. Bambancinsa da tsarin Adoras a bayyane yake: jarumar ba ta yi aure a ƙarshe ba, ita ce mai kallon rikicin wasu tana ɗinke ɓaraka. Ta wannan fuska ya fi kusa da Duparc, inda dariya ke faɗawa kan iyaye maza masu faɗin abin da ba sa aikatawa.

Kwatanci da Kano

Bahaushen Bracodi ko Treichville yana tsakanin al'adun fim biyu ne. Ta gida, wato ta Kano, daga littafi ta taso. Tun 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, bidiyo kuma ya zo da Turmin Danya a 1990, marubutan da kansu suka shiga harkar. In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1998, haka ma Ki Yarda da Ni na Bilkisu Funtuwa. Kaset da faifan waɗannan finafinai sun bi hanyar da fatake suka bi, suka isa zangunan Hausawa na bakin teku.

Matsalolin iri ɗaya ne a garuruwan biyu: mai kuɗi da talaka a neman yarinya ɗaya, iyaye masu kwaɗayi, kishiya, miji mai fuska biyu. Yadda ake bi da su ne ya bambanta. A Kano an raba aiki: soyayya ta tafi da hawaye da waƙa irin ta Indiya da nasiha a ƙarshe, barkwanci kuma ya ware ya zama camama, fagen su Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. A Abijan an dafa su a tukunya ɗaya, kuma abin da ba a iya faɗa wa maigida a fuska sai a faɗa masa cikin raha. Dalili ɗaya shi ne harshe da jama'a. Kano tana magana da al'umma ɗaya mai addini ɗaya da ke sa ido kan tarbiyya, Abijan kuwa gari ne na ƙabilu da addinai barkatai, inda wasa tsakanin ƙabilu, irin wanda ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa, ya zama hanyar zaman lafiya.

Gidajen silimar da Oumarou Ganda da abokansa suka ari sunaye daga allunansu sun daina aiki, sunayensu ne suka rage a bakin direbobin motocin haya da ake kira gbaka da 'yan kasuwa a matsayin kwatance. A 2015 kamfanin Majestic ya sake buɗe zauren silima na Otal Ivoire a unguwar Cocody, amma nesa yake da aljihun ɗan dako, kallon unguwa ya koma talabijin da wayar hannu. Finafinan kuwa suna nan. An gyara hoton Bal Poussière aka sake nuna shi a sashen tsofaffin finafinai masu daraja na bikin Cannes a 2021, shekara 33 bayan fitowarsa.